Daga Tiga zuwa Bahar Maliya: Yawon Kwale-kwale Mai Gudu da Leƙen Ƙarƙashin Ruwa

 Shirin na yau ya shafi wani nau'in yawon buɗe ido da ya shigo bakin matasan ƙasar Hausa ta hanyar hotunan bidiyo masu yawo a wayoyin hannu, wato fita cikin kwale-kwale mai inji mai tsananin gudu zuwa wani wuri a teku, sa'annan a sauka cikin ruwa da gilashi a fuska da bututu a baki domin kallon abin da Allah ya halitta a ƙasa. Maganar ba ta yi nisa da mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ba kamar yadda za a zata, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, bayan an fara gininta a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwar wannan yanki ta koma kan ruwa, shinkafa da alkama da tumatir da albasa duk daga kanal suke sha, yara kuma suna tashi da iyo tun kafin su sauke izu biyu. Daga wannan yankin ne kuma ɗalibai suke tafiya Masar da Sudan neman ilimi, 'yan kasuwa da masu Umra suke sauka Jidda, wasu ma suna kaiwa Zanzibar da Mombasa, kuma a yawancin waɗannan wurare akwai masu tallar irin wannan yawo a bakin teku. Wanda bai fita ƙasar waje ba shi ma yakan sami kansa a bakin Tiga ranar yawon Sallah, inda ake ɗaukar mutane a kwale-kwale a zaga da su.

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Na farko shi ne ninƙaya, wadda kowa ya sani, mutum yana tafiya a saman ruwa da ƙarfin hannu da ƙafa, kansa a waje ko yana ɗago shi lokaci lokaci domin ya shaƙi iska. Na biyu shi ne nutso, inda mutum yake riƙe numfashi ya gangara ƙasa kamar yadda masunta suke yi idan koma ta maƙale, ko kuma ya goya tukunyar iska a bayansa ya yi zurfi, wanda wannan fanni ne mai zaman kansa da ke buƙatar horo na kwanaki da takardar shaida. Na uku, wanda shirin ya fi mayar da hankali a kansa, shi ne leƙe da bututu: mai yin sa yana kwance rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta wani ɗan bututu da bakinsa ɗaya yake cikin bakin mutum, ɗaya kuma yake tsaye a iska bayan kunnensa. Ba ya nitsewa, ba ya gaggawa, kallo kawai yake yi, shi ya sa masu shirya yawon suke cewa ko wanda bai ƙware a iyo ba zai iya, maganar da take da gaskiya a cikinta matuƙar akwai rigar ruwa a jiki da mai lura a kusa.

Dalilin da ya sa wannan yawo ya fi yawa a tekunan ƙasashe masu zafi shi ne murjani. Bahaushe ya san murjani a wuyan amare, amma asalinsa wata ƙaramar halitta ce mai rai wadda take gina wa kanta gida na farin dutse, dubbai a kan dubbai, har ginin ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa wanda kifaye suke mayar da shi gari. Murjanin da ke gina irin wannan tudu yana zaune tare da wasu ƙananan tsirrai a cikin jikinsa waɗanda suke samar masa da abinci daga hasken rana, saboda haka ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi, kuma wannan sharaɗi ne ya sa mai kwance a saman ruwa yake iya ganinsa ba tare da ya nitse ba. Bahar Maliya, wadda tsawonta ya haura kilomita 2,000 tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa, tana cikin wuraren da suka fi dacewa a duniya, domin babu wani babban kogi da ke zuba laka a cikinta, ruwan sama kuma kaɗan ne a gaɓarta. An ƙidaya nau'in kifi sama da 1,000 a cikinta. Masar ta keɓe Ras Muhammad, kusa da Sharm el-Sheikh, a matsayin gandun da ake karewa tun 1983, hukumar UNESCO kuma ta sanya Sanganeb da Dungonab na gaɓar Sudan cikin wuraren gadon duniya a 2016. Abin lura a nan shi ne wannan teku ba baƙuwar Hausawa ba ce, domin alhazan da suka yi tafiyar ƙafa ta shekaru daga Kano da Katsina da Sakkwato a tashar Suwakin suke shiga jiragen katako su tsallaka zuwa Jidda, suna wucewa ta kan wannan murjani da jikokinsu suke biyan kuɗi yau domin su gani.

Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin wannan tudun murjani, saboda kogin Kwara da sauran koguna suna zuba laka mai yawa, igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi. A Legas akwai jiragen gudu da ke kai mutane bakin teku irin su Tarkwa Bay, amma abin da ake samu can hawan jirgi ne da shan iska, ba kallon ƙasa ba.

Yawon yakan fara da safe, lokacin da iska ba ta tashi ba kuma ruwa yake kwance. Kwale-kwalen ba irin na katako ba ne da ake tuƙawa da filafili, jikinsa na roba mai tauri ne ko na wani haɗi mai sauƙin nauyi, a bayansa an ɗaura inji ɗaya ko biyu masu farfela, kuma yakan yi gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa ɗaya. Wannan gudu a kan titin Kano zuwa Zariya ba wani abu ba ne, amma a kan ruwa al'amari ne dabam, domin gaban jirgin yana ɗagawa sama ya faɗo kan kowace igiya da ƙarfi kamar an jefar da buhu a kan daɓe. Sabon shiga yakan ruga ya zauna a gaba don ya fi kowa gani, alhali nan ne bugun ya fi tsanani, kuma likitoci a garuruwan bakin teku sun saba ganin mutanen da ƙashin bayansu ya tsage saboda irin wannan faɗuwa. Dattijo, da mace mai juna biyu, da mai ciwon baya, wurinsu tsakiya ne ko kusa da baya, idan ma an yarda su hau. Matuƙi nagari yakan ɗaura wata 'yar igiya daga makunnin inji zuwa hannunsa ko ƙafarsa, wadda aikinta shi ne kashe injin nan take idan ya faɗa ruwa, don kada jirgin ya ci gaba da zagaye ba matuƙi, kuma fasinja yana da haƙƙin ya duba ko an ɗaura ta. Haka kuma yana da haƙƙin ya ga an ƙirga mutane kafin tashi, an sake ƙirgawa bayan kowace sauka, domin an taɓa barin mutane a tsakiyar teku saboda sakacin ƙirga.

Tashin zuciya da amai su ne abin da ya fi ɓata wa mutane wannan rana, kuma ba alamar ragwanta ba ne. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wani sashe mai ruwa-ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki, to idan kunne yana cewa ana tangaɗi, ido kuma yana kallon waya ko ƙasan jirgi yana cewa a tsaye ake, sai saƙonnin biyu su saɓa, jiri da amai su biyo baya. Maganinsa mafi sauƙi shi ne a kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, a zauna inda iska take bugowa, a nisanci warin fetur, a kuma karya kumallo da abu marar maiƙo maimakon a fita da yunwa ko a cika ciki da waina da miyar taushe. Akwai ƙwayoyin hana amai da ake sha kafin tashi, sai dai da yawansu suna kawo barci, wanda bai dace da mai shirin shiga ruwa ba, don haka sai da shawarar likita. Rana ma tana yaudara, domin iskar jirgi da sanyin ruwa suna ɓoye zafinta, har mutum ya yi awa biyu bayansa da ƙeyarsa a buɗe bai sani ba. Baƙar fata ta fi jure rana, amma ita ma tana ƙonewa, kuma ƙishirwa ba ta duba launin fata, ga shi ruwan teku ba ya shawuwa.

Kayan aikin guda uku ne, kuma kowannensu yana da hikimar da ya kamata a fahimta kafin a sa shi. Gilashin fuska yana rufe ido da hanci gaba ɗaya, da roba mai laushi a gefensa. Idon mutum an halicce shi ne don ya gani a cikin iska, shi ya sa duk wanda ya buɗe ido a ruwa yake ganin dishi-dishi ko da ruwan garai yake, aikin gilashin kuwa shi ne ya tsare 'yar iska tsakanin ido da ruwa don gani ya dawo daidai. Sai dai haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa ya shiga wannan iska, saboda haka komai yakan bayyana ya fi ainihin girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa, har mutum ya miƙa hannu zai kama tsani ya tarar bai kai ba. Ana gwada gilashi tun a tudu, a ɗora shi a fuska ba tare da an ja maɗaurinsa ba, a shaƙi iska kaɗan ta hanci, idan ya manne to ya dace. Gashin baki mai kauri yakan bar ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙarƙashin hanci, abin da masu gemu da saje ya kamata su sani tun da wuri, ko da yake ɗan man shafawa a wurin yakan rage matsalar. Idan gilashin ya yi hazo daga ciki, dabarar da kowa yake yi ita ce a shafa yawu a ɗauraye.

Bututun numfashi tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba, kuma akwai dalili biyu da suka hana a ƙara masa tsawo don a yi zurfi. Na ɗaya, ruwa yana da nauyi, kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin matsin da iskar sararin sama take yi a doron ƙasa, kuma tun a zurfin mita ɗaya ƙirjin mutum yake kasa buɗewa ya jawo iska daga sama. Na biyu, iskar da aka fitar ba ta ficewa duka daga bututu, wani abu yakan rage a ciki a sake shaƙarsa, don haka dogon bututu yana nufin mutum yana maimaita gurɓatacciyar iskarsa. Wannan ne ya sa ake koya wa sabon shiga ya yi numfashi a hankali, mai zurfi, ta baki kaɗai, domin gajeren numfashi na mai tsoro yana juya iskar cikin bututun ne kawai, sai ya ƙara jin kamar an shaƙe shi, tsoron kuma ya ƙaru. Idan igiya ta zuba ruwa a bututun, ana busa shi waje da ƙarfi sau ɗaya, ko kuma a ɗago kai kawai a cire shi daga baki. Kayan aiki na uku shi ne takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, wanda ake kaɗawa daga ƙugu ba daga gwiwa ba, ba a kuma tafiya da shi a cikin jirgi.

Mintuna biyar na farko su ne masu wuya, domin jiki yana ƙin yarda cewa fuska tana cikin ruwa kuma numfashi yana yiwuwa. Wanda ya daure ya riƙe igiyar jirgi ko ƙawanyar da jagora yake ja har numfashinsa ya daidaita, shi ne yake samun abin da ya zo nema, kuma a nan gani ya kori ji. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, na Bahar Maliya ya kai kusan 40, kuma wannan gishiri yana ɗaga jiki sama fiye da ruwan kanal, har mutum ya ji kamar a kan katifa yake. A ƙasa akwai kifaye shuɗɗa da rawaya da masu zane kamar atamfa, akwai mai baki kamar na aku wanda ake jin ƙarar gurgurarsa yana cin murjani, akwai kififiyar teku, wani lokaci a hanya akan haɗu da dolfin, wadda dabba ce mai shayarwa ba kifi ba, a wasu gaɓoɓi kuma akwai wata 'yar uwar ayu da ke kiwo a ciyawar ƙasan teku. Launin ja shi ne yake fara ɓacewa idan an yi zurfi, tun daga wajen mita biyar, shi ya sa mai leƙe daga sama a wuri marar zurfi yakan ga launuka fiye da wanda ya gangara ƙasa ba fitila.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan wuri ita ce kada a taɓa komai, kada kuma a taka komai. Wasu nau'o'in murjani ba sa ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya a shekara, saboda haka abin da dugadugi ɗaya ya karya zai iya zama ginin shekara ashirin, kuma wuraren da baƙi suka yi yawa ba tare da lura ba sun zama kufai. Ƙa'idar tana kare mutum shi ma, domin akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke zaune cikin duwatsu, akwai kifi mai dafi da ke kwanciya ya yi kama da dutse. Kifin shak da mutane suka fi tsoro ba kasafai yake kai hari ba, ko da yake ya faru. Abin da ya fi kashe masu leƙe shi ne gajiya, da bugun zuciya, da jan ruwa mai ɗauke mutum daga jirgi yana shagala da kallo, da farfelar wani jirgin da matuƙinsa bai ga kan mutum ba. Saboda haka ba a shiga ruwa sai an kashe inji, ba a rabuwa da abokin tafiya, ana kuma ɗago kai lokaci lokaci a duba inda jirgi yake. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da mai asma, su nemi likita tukuna, haka ma mai cutar sikila, wato amosanin jini, wadda ta yawaita a wannan yanki, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwonsa. Batun sutura kuwa ba cikas ba ne ga Musulmi, namiji ko mace, tun da akwai tufafin iyo masu rufe jiki duka, waɗanda suke kare fata daga rana ma. Abin gudu shi ne babbar riga da dogon hijabi da zani, waɗanda idan suka jiƙe suke naɗe ƙafa su hana motsi.

Idan aka dawo gida, tambayar da matashin Bunkure ko Kura zai yi ita ce ko za a iya yin irin wannan a Tiga. Rabin yawon yana yiwuwa, rabi kuma ba ya yiwuwa. Tafkin Tiga, wanda ke ƙaramar hukumar Bebeji kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, yana da faɗin murabba'in kilomita 178, an kuma gina shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, saboda haka akwai sararin da kwale-kwale mai inji zai yi gudu, akwai duwatsu da tsuntsaye da masunta masu fito da karfasa da tarwaɗa, kuma wannan kaɗai ya isa yawon da za a daɗe ana tunawa. Amma wanda ya sa gilashi ya leƙa ƙasa ba zai ga komai ba sai ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, domin kogin Kano yana kawo laka daga gonaki da damina, ƙananan tsirrai kuma suna cika ruwan da rani. Abin da ke ƙasan ma ba abin sha'awa ba ne ga mai iyo: kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin, da tsofaffin komaye, da mamari, wato doguwar igiyar masunta mai ɗauke da ƙugiyoyi bila adadin. Ruwan tafki mai zurfi kuma yakan yi ɗumi a sama, ƙasansa da sanyi ƙarara, wanda yake iya ɗaure jijiyar ƙafa.

Akwai kuma abin da ruwan teku ba shi da shi amma ruwan wannan yanki yake da shi, wato tsargiya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da cutar yana fitar da ƙwan tsutsar a fitsari ko bayan gida, idan ya shiga ruwa marar gishiri sai ya ƙyanƙyashe ya shige jikin wata ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayi irin su kacalla a gefen kanal da tafki, daga can kuma dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani suke fitowa su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan. Ba sai an sha ruwan ba, taɓa fata ya wadatar, kuma gwargwadon daɗewar mutum a ciki gwargwadon abin da zai ɗauka, ga shi mai leƙe da bututu awa guda yake yi a kwance a wurin da ba zurfi, daidai inda katantanwar take. An daɗe da sanin cewa manyan ayyukan ban ruwa suna ƙara wannan cuta, a Masar da Sudan da Ghana haka aka gani, wannan yanki ma bai tsira ba. Abin baƙin ciki shi ne har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar balaga, alhali ciwo ne da idan aka bar shi yake lalata mafitsara da ƙoda, yana hana yaro girma da karatu, a mata kuma yana iya taɓa mahaifa. Maganinsa, wanda ake kira furazikwantel, yana da araha, ana ma raba shi kyauta a makarantu, sai dai ba ya hana a sake kamuwa idan an koma ruwan. Kyan ruwa a ido ba shaida ba ne, domin tafkin Malawi da ke kudancin Afirka, wanda masu yawon buɗe ido suke zuwa leƙen kifayensa saboda tsabtar ruwansa, shi ma akwai tsargiya a wasu gaɓoɓinsa.

Kanal kuwa bai kamata ma a kawo shi cikin lissafi ba. Babbar hanyar ruwan da ta taso daga Tiga ta bi ta Ruwan Kanya kafin ta rabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, wadda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da ita, an gina ta ne don ruwa ya gudu, gefenta a karkace yake, gansakuka ta sa shi santsi, kuma a wurare da dama ruwan yana shigewa ƙarƙashin gada ko ƙofar ƙarfe inda babu sararin ɗago kai. Hausawa suna cewa iya ruwa fidda kai, to a irin wannan wuri gwani ma ba ya samun inda zai kama ya fito. Wanda ruwa yake ci kuma ba ya ihu ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim, bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, kuma abin yakan ƙare cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka yayin da na kusa da shi suke zaton wasa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara da matasa ne da yawa daga cikinsu, kuma a wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar faɗakarwa kan hana nitsewa.

A shekarar 2021 ɗin ce kuma, ranar 30 ga Nuwamba, kwale-kwalen da ya taso daga Badau ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi, Allah ya jiƙansu da rahama. Rahotanni sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Jihar Kano ba ta da teku, amma tana da madatsun ruwa masu yawa, Tiga da Challawa da Watari da Bagauda da sauransu, kuma ƙa'idojin da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida, mai hedikwata a Lokoja, take nanatawa sun shafe su duka: ba lodi fiye da kima, ba tafiyar dare, kowane fasinja da rigar ruwa. Rigar ruwa riga ce marar hannu da aka cusa wa soso mai hana nitsewa, amma ba ta aiki idan tana ajiye ƙarƙashin benci, ba ta kuma aiki idan ba a ɗaure ta tamau ba, domin tana zamewa ta kai da zarar an faɗa ruwa, rigar babba kuma ba ta riƙe yaro. Jin kunyar sa ta a gaban abokai ya zama ruwan dare tsakanin samarin da suka iya iyo, amma wanda jirgi mai gudu ya wurgar yakan bugu ya suma kafin ya tuna ya iya iyo. Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin da ke kai yara yawon Tiga su ne ya fi kamata su tsaya kai da fata a kan wannan, su ƙirga riguna kafin su ƙirga kuɗin jirgi, su kuma raba yara sawu biyu ko uku maimakon a cusa su sawu ɗaya don a rage kuɗin mai.

Lokacin fita ma yana da nasa ilimi, kuma masunta da Sarkin Ruwa na kowace mashaya sun fi kowane baƙo saninsa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana rufe gaɓa har matuƙi ya kasa gane inda ya fito, ruwan kuma yana da sanyin da ke karya ƙarfin wanda ya faɗa. Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, wajen Afrilu zuwa Yuni, hadari yakan haɗo daga gabas, yawanci bayan azahar, iska mai ƙarfi da ƙura tana riga ruwan saman isowa, kuma a tafki mai faɗin Tiga wannan iska tana tayar da igiyar da take cika ƙaramin jirgi cikin ƙanƙanin lokaci. Masunta suna juya akalar jirginsu zuwa gaɓa tun suna hango baƙin gajimare a gabas, kafin ganyen itatuwan bakin ruwa ya fara motsi, shi ya sa ya fi dacewa a tsara yawon da hantsi, a kuma dawo tudu kafin a kira sallar azahar.